Fantomim na Nowel a Ingila: Nazarin Wasan Mother Goose da Matsayin Waƙoƙin Reno a Cikinsa

1. Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake yi sau ɗaya a shekara, daga watan Disamba zuwa Janairu, wato lokacin sallar Nowel, wadda ake kira Kirsimeti a Najeriya. Sunansa fantomim. Wanda ya yi karatu da Faransanci yana iya ruɗewa da wannan suna, domin a Faransanci kalmar tana nufin wasan bebe, wanda ake yi da motsin jiki ba tare da magana ba. A Ingila kuwa ma'anar ta juye tun cikin ƙarni na 19, ya zama wasa mai yawan surutu da waƙa da rawa, wanda ƴan kallo ma suke da baki a cikinsa. Iyaye da kakanni ne ke kai yara, kuma ga da yawa daga cikinsu shi ne karo na farko da suke shiga gidan wasa.

Wani kashi na waɗannan wasanni yana ɗauko mutanensa daga waƙoƙin reno, wato gajerun waƙoƙin da ake yi wa yaro tun yana goye, har ya girma ya riƙa yi da kansa. Wannan kashi ne za a duba a nan, musamman wasan da ake kira Mother Goose, ma'ana Uwar Dinya. Tambayar ita ce: me ke faruwa da waƙar baka idan aka ɗauke ta daga bakin uwa aka kai ta dandali? Amsar ta shafi duk mai shirya littattafan karatu na farko a cikin harshen uwa, domin shi ma abin da yake yi ke nan.

2. Asalin wasan da na sunan

Fantomim ya samo tushe daga wasan barkwanci na Italiya, wanda ya bi ta Faransa ya isa Landan. A farkon ƙarni na 18 John Rich ya shahara da fitowa a matsayin Arlekin, ɗan wasa mai tsalle da sandar sihiri, wanda ba ya magana. A wancan zamani doka ta keɓe wasan magana ga wasu ƴan gidajen wasa masu izinin sarki. Dokar 1843 ta ɗage wannan shinge, daga nan magana ta yi ta ƙaruwa a cikin fantomim, ɓangaren Arlekin yana raguwa, har ya ɓace.

Sunan Uwar Dinya shi ma daga Faransa ya zo. A 1697 Charles Perrault ya buga tatsuniyoyinsa, waɗanda aka sani da Contes de ma mère l'Oye, aka kuma fassara su zuwa Ingilishi a 1729. A wurin Perrault sunan laƙabi ne kawai na tsohuwa mai yi wa yara tatsuniya. Wajen 1780 aka buga wani tarin waƙoƙin reno a Landan mai suna Mother Goose's Melody, daga nan sunan ya manne wa waƙoƙin. Har zuwa lokacin tsohuwar ba ta da labarin kanta.

Gidan wasa ne ya ba ta labari. A Disamba 1806, a gidan Covent Garden, aka nuna Harlequin and Mother Goose, wanda Thomas Dibdin ya rubuta, Joseph Grimaldi kuma ya fito a matsayin wawa. A cikinsa tsohuwar mai sihiri ce, ta ba wani saurayi talaka dinya mai yin ƙwan zinariya don ya sami auren wadda yake so. Tsuntsuwa mai ƙwan zinariya tsohon zance ne tun daga Esof, kuma ɗaliban lakwal sun san shi a wurin La Fontaine, inda ta zama kaza. Bayan wannan wasa ne aka buga wata waƙar yara game da tsohuwar da ɗanta Jack, wadda a cikinta ake mai da saurayin Arlekin, budurwar kuma Kolombin. Waɗannan sunaye na dandali ne, kuma sun nuna cewa a nan waƙa ce ta fito daga wasa. Ke nan hanyar da ke tsakanin baka da rubutu da dandali ba ta gefe ɗaya take tafiya ba.

3. Wasan 1902

Siffar da aka fi sani a yau ta fito ne a 1902 a gidan Drury Lane. J. Hickory Wood ya rubuta wasan tare da Arthur Collins, domin shahararren ɗan barkwanci Dan Leno. Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata matalauciya mai kirki ta kasa biyan kuɗin haya, ana shirin korarta. Aljanar alheri da sarkin shaiɗanu suka yi gardama: shi ya ce ba wani ɗan Adam mai wadatar zuci, ita ta ce ga wannan tsohuwa. Aka aiko mata dinya mai ƙwan zinariya, ta yi arziki. Sai shaiɗanin ya kwaɗaita mata ƙuruciya da kyau, da sharaɗin ta ba da dinyar. Ta bayar, ta yi wanka a tafkin sihiri, ta fito da sabuwar fuska, amma mutanenta suka guje ta. Ta yi nadama, ta tafi ƙasar dinyoyi, aka yi shari'a, aka mayar mata da tsuntsuwarta.

Wasan yana bin wasu al'adu da kowane ɗan kallo ya sani. Namiji ne ke fitowa a matsayin tsohuwar, cikin shigar mata mai ban dariya, ba ya kuma ɓoye cewa shi namiji ne. A da budurwa ce ke fitowa a matsayin saurayin labarin. Mutum ne ke shiga cikin rigar dinya, ba ya magana. Aljanar alheri tana shigowa ta hannun daman dandali, mugu ta hagu, kuma su biyun suna magana da baitoci masu layi bibbiyu da amsa-amo. Da mugu ya fito sai a yi masa ihu. Idan ya laɓaɓo bayan wani, yara su ɗaga murya suna gaya wa mutumin ya waiwaya. Idan ɗan wasa ya faɗi magana ƴan kallo su musa, shi ma ya musa, a yi ta ja-in-ja sau uku ko huɗu.

Daga cikin dukkan fantomim, wannan ne ya ba tsohuwar matsayi mafi nauyi, domin ita ce mai kuskure, ita ce mai nadama. Abin yabo ne cewa wasan yara ya yarda jarumarsa ta ci amanar ƙawarta a gaban idonsu. Duk da haka darasin yana da rauni. Arzikin da ya faɗo daga sama ba a tuhume shi ba, kwaɗayin kyau kaɗai aka hukunta, kuma dariyar da ake yi wa tsohuwa mai son ƙuruciya ta fi nadamarta tsawo a kan dandali. Masu shirya wasan na baya sun lura da haka. A shirin 2022, wanda Jonathan Harvey ya rubuta, Ian McKellen kuma ya fito a matsayin tsohuwar yana da shekara 83, abin da ya ruɗe ta shi ne son suna da shahara.

4. Inda waƙoƙin reno suka shiga

Mai nazari zai lura cewa ƙashin bayan labarin 1902 bai fito daga waƙoƙin reno ba. Dalilin yana cikin siffar waƙoƙin kansu. Yawancinsu layi huɗu ne zuwa takwas, kuma abu ɗaya tak ke faruwa a kowace. Bo-Peep makiyayiya ce da tumakinta suka ɓata. Miss Muffet tana cin abinci gizo-gizo ya tsorata ta. Jack da Jill sun hau tudu ɗiban ruwa suka faɗo. Humpty Dumpty ya faɗo daga kan bango, an kasa haɗa shi. Ba a faɗi abin da ya gabata ba, ba a faɗi abin da ya biyo ba. Abu irin wannan ba zai riƙe ƴan kallo awa biyu ba.

Saboda haka marubuta suka bi hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗauki suna ɗaya a gina masa labarin aro, kamar Humpty Dumpty na Drury Lane a 1891, inda Little Tich ya fito da sunan, Marie Lloyd ta zama gimbiya. Ta biyu ita ce a tara mutane da yawa wuri guda, kamar wasan 1892 a gidan nan, wanda ya haɗa Bo-Peep da mutane biyu daga tatsuniyoyin Perrault, wato yarinya mai jar hula da ƙaramin yaron nan mai wayo. A Amurka ma an yi haka a 1903 cikin Babes in Toyland, mai kiɗan Victor Herbert. A shirye-shiryen Mother Goose da yawa akan ga Jack da Jill a matsayin samarin ƙauye, ba tudu, ba guga.

Amfanin wannan dabara a fili yake. Marubucin ba ya bukatar gabatar da kowa. Da yarinya ta fito da sandar kiwo, yaro ɗan shekara huɗu ya san ko wace ce, ya san abin da ta rasa, yana kuma ɗokin faɗa. Rabin rubutun wasan yana cikin kan ƴan kallo tun kafin a ɗaga labule. Yaron da bai iya karanta ko harafi ɗaya ba yana zaune a matsayin masani, wani lokaci ma ya fi ɗan wasan sani, tun da shi ke gaya masa inda mugu yake. Ƙarfin fantomim a nan yake, kuma ba marubucin ne ya samar da shi ba, gado ne ya tarar.

Gadon kuwa an yi masa hidima. Tun 1744 aka buga Tommy Thumb's Pretty Song Book a Landan. James Orchard Halliwell ya tattara waƙoƙin a 1842. A 1951 Iona da Peter Opie suka fito da ƙamus na Oxford mai ɗauke da waƙoƙi fiye da 500, kowace da tarihinta da ire-irenta. Wannan aiki na fiye da shekara 200 shi ya sa yaran ƙasa guda suka tashi da taska ɗaya.

5. Abin da ke salwanta

Waƙar reno abu ce ta kunne. Ƙimarta tana cikin bugun kari, da amsa-amo, da maimaici, da kalmomin da ba su da ma'ana sai daɗin furuci. Mutumin da ke cikinta sau da yawa an sa masa suna ne don ya dace da amsa-amo. Idan aka ciro shi aka ba shi riga da dogon zance, an ɗauki ɓawo an bar ƙwaya.

Misalin Humpty Dumpty ya isa. An fara buga waƙar a 1797, kuma masana da yawa suna ɗaukarta kacici-kacici ce wadda amsarta ƙwai ne. Ba a ambaci ƙwai a cikinta ba, domin ambatonsa shi ne aikin mai sauraro. Zanen da John Tenniel ya yi wa littafin Lewis Carroll na 1871 ya taimaka wajen kafa surar ƙwai mai fuska da ƙafafu, dandali kuma ya ɗora a kai. Yau yaro yana ganin amsar kafin ya ji tambayar, aikin tunanin da waƙar ke sa shi ya tafi.

Matsala ta biyu ita ce harshe mai hawa biyu. Tun lokacin da Augustus Harris ya riƙe Drury Lane, daga 1879 zuwa 1896, aka shigo da taurarin gidajen waƙa na manya, suka zo da waƙoƙinsu da habaicinsu. E. L. Blanchard, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana rubuta wa gidan fantomim, ya koka da yadda ake ture rubutunsa don a ba su wuri. Abin ya ci gaba: a manyan gidaje taurarin talabijin da waƙoƙin yayi sun fi waƙoƙin reno samun lokaci, kuma wani kashi na barkwancin, na siyasa ko na batsa a lulluɓe, an yi shi ne don ya wuce ta kan yara ya isa ga iyaye. Masu kare al'adar suna cewa haka ne ke tara iyali duka a ɗaki ɗaya, kuma kuɗin fantomim ne ke riƙe gidajen wasa da yawa na larduna. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar kasuwa. Ta fuskar harshe kuwa, duk mintin da yaro ya ji manya suna dariyar abin da bai gane ba, ya sauka daga matsayin masani ya koma baƙo.

Akwai wuri ɗaya da wasan ya gyara abin da ya ɓata. Dab da ƙarshe akan sauko da wani babban ƙyalle da aka rubuta waƙa a kai da manyan haruffa. Ɗan wasa ya rera, ƴan kallo su bi, a raba ɗakin gida biyu a yi gasa, a kira wasu yara su hau dandali. An ƙirƙiro wannan ne don a sami lokacin shirya fage na ƙarshe a bayan labule, amma abin da ya haifar darasin karatu ne: ido yana bin rubutun abin da kunne ya riga ya kama, baki kuma yana faɗa. Binciken da Peter Bryant da Lynette Bradley da abokan aikinsu suka buga a 1987 da 1989 a kan yaran Ingila ya nuna cewa waɗanda suka fi sanin waƙoƙin reno suna da shekara uku sun fi saurin rarrabe sautukan kalma, daga baya kuma sun fi saurin karatu. Amfanin da aka gano na sauti ne, wato abin da dandali ya fi saurin zubarwa.

6. Abin da ya shafi aikin Hausa

Fassara irin wannan wasa zuwa Hausa aikin banza ne. Yaron Maraɗi ko Tawa bai san Bo-Peep ba, saboda haka abin da ke ba wasan ƙarfi ba zai ƙetare ba, wasa da kalmomin Ingilishi ma haka. Abin ɗauka shi ne dabarar gina wasa a kan abin da yaro ya riga ya haddace, da kuma gargaɗin da ke tare da ita.

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Tashe wasa ne na shekara-shekara, wanda yara ke farawa idan azumi ya kai goma. A cikinsa akwai sake kama, kamar gemun auduga da tsummokara, akwai ƴan mata masu fitowa a matsayin miji a wasan Mairama da Daudu, akwai bayarwa da amshi, akwai zolayar manya. Bambancinsa da fantomim shi ne yara ne ƴan wasan, manya ne ƴan kallo. Ta wajen labari kuwa marubucin Hausa ya fi na Ingila sa'a, domin Gizo da Ƙoƙi da kura da Dodo kowa ya zo da halinsa da tatsuniyoyinsa, ba sai an yi masa aro ba. An kuma fara tattarawa tun da daɗewa, daga littattafan Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970.

Haɗarin yana wajen sauti. Sakamakon binciken Ingila ba za a ɗora shi kan Hausa kai tsaye ba, domin waƙar baka ta Hausa ba ta dogara da amsa-amon ƙarshen layi kamar ta Ingilishi. Ta fi dogara da nauyin gaɓa, da karin sauti, da amshi. Rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka fara ta launi da fara ta ci da fara ta soma aiki. Waƙar gaɗa da aka rubuta aka raba ta da muryarta ta yi asarar abin da zai taimaki mai koyo. Gizo ma an san shi da tsamin baki, kuma littafin da ya gyara masa furuci don ya dace da ƙa'ida ya maimaita abin da aka yi wa Humpty Dumpty. Haka batun karin harshe: inda daidaitacciyar Hausa ke cewa fara da rigar sarki, a yamma ana jin hwara da rigas sarki. Idan aka daidaita waƙar da yaron Adar ya haddace, ba zai ji ta a matsayin tasa ba, matsayinsa na masani kuma ya faɗi.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen ƙasa a Damagaram, kuma a 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Bukatar littattafai da wasannin makaranta za ta ƙaru, gaggawa kuma takan sa a ɗauki sunan Gizo a liƙa wa darasin tsabta ko na lissafi a ce an yi amfani da al'ada.

7. Kammalawa

Nazarin Mother Goose ya nuna cewa wasan yana tsayawa da ƙafafunsa a inda ya bar yara su kawo abin da ke bakinsu, yana kuma raunana a inda ya riƙe suna ya saki waƙa. Daga nan shawarwari huɗu suka fito ga masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci. Na farko, a tattara waƙoƙin reno da na gaɗa da na tashe da murya, jiha jiha, a rubuta gari da shekarun mai rerawa, kafin a zaɓi abin da zai shiga littafi. Na biyu, a fara gwada kowace waƙa a aji don a san ko yaran wurin sun san ta, domin wadda ba su sani ba ba ta da fifiko a kan kowane sabon rubutu. Na uku, a rubuta zancen wasa da daidaitacciyar Hausa, a bar waƙoƙi da maganar Gizo yadda ake furta su, littafin malami kuma ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Na huɗu, kowane wasan makaranta ya ƙunshi amshi da aka rubuta da manyan haruffa a allo, malami yana nunawa da sanda yara suna rerawa, kuma kada a nuna amsar kacici-kacici a hoto kafin yara su faɗe ta.